Tagwayen da Ɗaya Ya Fi Ɗaya Tsawo

Ƙulun ƙulufit! Tagwaye ne, uwarsu ɗaya, ranar haihuwarsu ɗaya, sana'arsu ɗaya. Ba sa ci, ba sa sha, kuma kullum tare suke fita aiki, tare suke dawowa. Amma da aka kwana biyu sai Hassan ya fi Husaini tsawo. Su wane ne?

Kada ka yi saurin ba ni gari, mai karatu. Ni kaina wata uku cur na yi ina neman tagwayen nan, alhali ban ma san su nake nema ba. Abin da na sani kawai shi ne akwai wata goɗiya a wani ƙauye na ƙasar Jamus da ta ƙi yi mini abu guda, a wuri guda, ta ɓangare guda.

Aiki ne ya kai ni yankin Westfaliya, ƙasar masu dawaki, ba nisa da garin Warendorf inda hedikwatar ƙungiyar mahaya ta Jamus take, inda kuma gwamnati ke da bargar ingarmu tun 1826. Yaron da ya tashi a Katsina yana kallon hawan sallah, yana satar hawan dokin kawunsa idan an kai shi shan ruwa, ba zai zauna a irin wannan wuri ya naɗe hannu ba. A can akwai wata al'ada mai kyau: wanda yake da doki amma ba shi da lokacin hawa kullum, sai ya nemi abokin tarayya, wanda zai biya wani abu na kuɗin ciyarwa, ya riƙa hawa kwana biyu ko uku a mako. Haka na samu wata goɗiya ja mai farin goshi, 'yar shekara goma sha ɗaya, mai sanyin hali. Sirdi da linzami duk na mai ita ne. Abin da na sayo na kaina bai taka kara ya karya ba: hular kwano, takalma, da igiyoyin likkafa na hannu, saboda na fi mai goɗiyar tsawon ƙafa. Malamarmu wata dattijuwa ce gajeriya, mai ƙarancin magana, wadda ta yi shekara arba'in tana koyar da abin da suke kira diresaj.

Diresaj horon doki ne har ya kai mahayi yana magana da shi ba tare da mai kallo ya ga an yi motsi ba. Tun 1912 ake gasarsa a wasannin Olamfik. Filin da muke koyo mai rufi ne, mita ashirin a faɗi, arba'in a tsawo, ƙasa yashi, bango da madubai, an kuma kafa haruffa a gefe: A wajen ƙofa, C tana fuskantarta, E da B a tsakiyar dogayen ɓangarorin. Cibiyar filin ana ce mata X, ko da yake ba a rubuta ta a ko'ina ba. A nan X ɗin aka riƙa aikata laifin.

Sai ka gane yadda doki yake ƙaramar sukuwa kafin ka gane laifin. Tsakanin sassarfa da sukuwa ta sosai akwai wani gudu mai sanyi, mai bugu uku, kamar ana kaɗa ganga: ta-ta-tam, ta-ta-tam. A cikin wannan gudu ƙafafuwan doki ba daidai suke aiki ba. Ɗaya daga cikin na gaba ce take miƙewa ta zarce 'yar'uwarta, ita ce jagora. Idan doki yana zagaye ta dama, ƙafar dama ya kamata ta yi jagora, idan ta hagu, ta hagu. Wanda ya yi akasin haka ba da niyyar mahayi ba, za ka ji shi yana tangaɗi a kwana kamar amalanken da aka yi wa lodi gefe guda. 'Yan folo na Katsina da Kaduna sun san wannan a jikinsu, ko ba su ba shi suna ba. To idan mahayi zai juya daga zagayen hagu zuwa na dama, dole jagora ta sauya. Ƙwararru a iska suke sauyawa, cikin tsalle guda. Mai koyo kuwa da sauyi mai sauƙi yake farawa: daga ƙaramar sukuwa ya sauko kai tsaye zuwa tafiya, ba sassarfa ko ɗaya a tsakani, ya yi taku uku zuwa biyar bayyanannu, sannan ya tashi da sabuwar jagora. Haka dokar gasa ta tanada. Alƙalai suna ba da maki daga sifili zuwa goma, wanda dokinsa ya tashi da ƙafar da ba ita ba kuwa ba ya ganin biyar.

Sunan abin sauƙi. Ga yadda nawa sauƙin ya kasance.

In na zo daga zagayen dama, na sauko tafiya a X, na nemi hagu, goɗiyar nan takan tashi lumui, kamar an zuba mai. In na zo daga hagu na nemi dama, sai ta sauko da kyau, ta yi takunta huɗu da kyau, ta tashi da kyau. Da ƙafar hagu. Na sake, hagu. Na sake, hagu. Ba ta tirjewa, ba ta kwantar da kunne, ba ta kaɗa wutsiya don fushi. Cikin ladabi take yin kuskuren, kamar ɗan aike mai biyayya da aka ba shi sunan gidan da ba shi ba. Wannan ladabin shi ya fara hana ni barci.

Wadda na fara tuhuma, ba sai na faɗa maka ba, ita ce. Kowane mahayi haka yake farawa. Na ce taurin kai ne irin na goɗiya, ko kuwa dai bahaguwa ce. Ina da hujja kuwa, domin dawaki kamar mutane suke, kowanne da ɓangaren da ya fi masa sauƙi, kuma Jamusawa sun yi rubuce-rubuce masu yawa a kan wannan karkata da ake haihuwar doki da ita. Gustav Steinbrecht, wanda littafinsa na horon doki ya fito bayan rasuwarsa a 1885, miƙar da doki ya sa a gaba. Tun kafinsa da nisa Zenofon na Girka, shekara fiye da dubu biyu da suka wuce, ya yi bayanin yadda ake tashin doki da ƙafar da ake so. Na kwashe duk wannan na kai wa Malama.

Ta saurare ni har na gama. Sai ta ce, "Sauko."

Na sauko. Ta jawo ɗan benci ta hau. Likkafuna sun yi mata tsawo, ba ta kuwa tsaya gyara ba, ta ɗauke su ta gicciya a gaban sirdi, ta bar ƙafafunta suna reto. Zagayen hagu. X. Taku ɗaya, biyu, uku. Dama. Ta sake, dama. Sau shida, ba kuskure ko ɗaya. Ta dawo ta miƙa mini linzami ba ta ce uffan ba. Bahaguwar tawa ta tashi daga tuhuma. Amma fa ka riƙe wannan abin da ka gani yanzu, domin ni na gan shi da idona ban gan shi ba.

Daga nan tausayi ya kama ni, na koma zargin ciwo. Malama ba ta kai rabin nauyina ba. Wataƙila goɗiyar tana iya ɗaukar ta da kowace ƙafa, ni kuwa wani wuri yana yi mata zafi. Wannan zargi ne da ya kamata kowa ya fara da shi, kuma har yau ina ganin wanda ya daki doki kafin ya duba lafiyarsa ya ci amana. Mai goɗiyar ta kira likitan dabbobi. Ya sa aka yi sassarfa da ita a kan daɓe, ya lanƙwasa gaɓoɓinta ɗaya bayan ɗaya, ya lallatsa bayanta, ya buɗe baki ya goge wani haƙori da ya yi kaifi. Mai gyaran kofato ma ya duba nasa. Lafiyarta ƙalau. Ban da haka ma akwai wata shaida da ta rushe zargin tun kafin likita ya zo: in na nemi ƙafar dama a kusurwar fili, inda bango da kwana suka riga suka lanƙwasa jikinta, tana ba ni nan take. A tsakiyar fili ne kawai, inda babu bango, take ƙi. Ciwo ba ya sanin haruffa.

To mene ne a X? Na tsaya a wurin da ƙafata, na waiga. Sai na ga ƙofa.

Na ce yauwa, biri ya yi kama da mutum! Idan na zagayo ta hagu a rabin filin da ke wajen A, na iso X ina fuskantar E, ƙofa tana hannun haguna, bayan ƙofar kuma barga ce, da ciyawa, da ƙawayenta. Wane doki ne ba ya son gida? Washegari na juya lissafin. Na yi zagayen hagu a rabin da ke wajen C, yadda in na iso X ina fuskantar B, ƙofa tana dama. Idan gida take so, yau da gudu za ta ba ni dama. Na sauko tafiya. Ɗaya, biyu, uku, huɗu. Na nema.

Hagu.

Ƙofa ma ta kuɓuta.

A nan ne na yi karatun da ya fi kowanne amfani, ko da yake bai kama ɓarawon ba. Malama ta tambaye ni wace ƙafa ce take fara ƙaramar sukuwa ta dama. Na ce ƙafar gaba ta dama mana, ba ita ce jagora ba? Ta girgiza kai. Jagora ita ce ta ƙarshe. Mai farawa ita ce ƙafar baya ta hagu, ita take shiga ƙarƙashin ciki ta ɗauki nauyin doki da mahayi ita kaɗai. Sai ƙafar baya ta dama da ta gaba ta hagu su sauka tare, sannan jagora ta sauka, sannan wani ɗan ƙiftawar ido da duk ƙafafu huɗu suke sama. Idon mutum ba ya iya rarrabe wannan, shi ya sa masu zane suka yi ɗaruruwan shekaru suna zana doki mai sukuwa da ƙafafu a baje gaba da baya. Sai a 1878, a Palo Alto ta Kalifoniya, Eadweard Muybridge ya jera kyamarori a gefen hanya, da kuɗin tsohon gwamna Leland Stanford, ya ɗauki doki yana gudu hoto bayan hoto, aka ga gaskiya: lokacin da doki yake sama, ƙafafunsa a tattare suke ƙarƙashin ciki.

Ashe takun nan uku zuwa biyar ba hutu ba ne. Aiki ne cunkushe a cikin daƙiƙa biyu ko uku. A cikinsu za ka miƙar da doki daga tsohuwar lanƙwasa, ka ɗan karkato haɓarsa zuwa sabon ɓangare har ka hango gefen idonsa, ka dawo da ƙafarka ta dama daidai majayi, ka zame ta hagu baya kamar faɗin tafin hannu, ka sauke nauyinka a ƙashin mazaunin dama, sannan ka nema daidai lokacin da ƙafar bayanta ta hagu take shirin taka ƙasa. Ka makara, ta wuce. Ka yi gaggawa, ta rikice. Mako biyu na yi ina tafiya kawai a kanta, ido rufe, Malama tana riƙe da doguwar igiya, ina faɗin "yanzu, yanzu" duk sa'ad da na ji wannan ƙafa ta motsa a ƙarƙashina. Da farko ina cewa yanzu a kan ƙafar da ba ita ba. Daga baya kwankwasona ya koyi abin da kunnena bai iya ba. Duk wanda ya taɓa jin wannan, ya ji ƙafafun dabba huɗu ɗaya bayan ɗaya ta cikin sirdi, ya san daɗin da nake nufi.

Na koma X da sabon ilmi. Cikin gwaji goma na samu biyu. Biyu ta fi babu. Amma takwas ɗin fa?

Sai ga wata rana ta zo da abin mamaki. An tafi da sirdin goɗiyar wajen baduku don dubawar shekara, aka ara mini na wani doki da ya yi mata daidai, da likkafunsa da komai a jiki. Na hau ina jin kaina wani iri, kamar wanda ya sa takalmin wani. Na zagayo ta hagu. X. Tafiya. Na nema. Dama! Na ce sa'a ce. Na sake. Dama. Sau huɗu a jere. Na sauko ina rawar jiki, na ce wa Malama na kama shi, sirdi ne. Ta ɗaga kafaɗa ta ce, "Mu gani."

Bayan kwana biyar baduku ya dawo da shi. Ya ce itacen cikinsa lafiya, bai karkace ba, ya dai ƙara masa ulu kaɗan a ɓangarorin biyu daidai wa daida. Ya ɗora a bayanta, ya zura hannu ƙarƙashi, ya nuna mana yadda ya zauna daram. Na maƙala likkafuna, huji na tara a hagu, huji na tara a dama, kamar kullum. Na kama gashin wuyanta, na sa ƙafa a likkafa daga ƙasa na ɗare, yadda kawuna ya koya mini, don a gidanmu namiji ba ya neman turmi kafin ya hau doki. Zagayen hagu. X. Ɗaya, biyu, uku.

Hagu.

Ranar ban yi magana da kowa ba.

Bari mu tsaya mu ƙirga abin da ke hannunmu, ni da kai. Malama ta hau, ya yiwu. Mai goɗiyar tana hawa da wannan sirdin, ba ta taɓa kuka da haka ba. Ni na hau da sirdin aro, ya yiwu. Ni da wannan sirdin, a kusurwa, yana yiwuwa. Ni da wannan sirdin, a tsakiya, ba ya yiwuwa. Sirdin kuwa lafiyarsa lau. Idan ka riga ka gano, ka fi ni ido. Ni dai sai da aka ba ni labarin wani doki da ya mutu fiye da shekara ɗari.

Muna shan shayi a ɗakin sirada, sanyi yana ratsa bango, Malama ta ce ko na san Hans Mai Wayo. Doki ne da aka yi a Balin a farkon ƙarni na ashirin. Mai shi, Wilhelm von Osten, malamin lissafi ne, ya kuma yi imani dokinsa ya iya lissafi. A tambaye shi uku da huɗu, ya buga kofato sau bakwai ya tsaya. A 1904 aka kafa kwamitin mutum goma sha uku, suka bincika, suka ce babu algus. Sai wani mai nazarin halayyar ɗan Adam, Oskar Pfungst, ya lura da abu biyu: idan mai tambaya bai san amsar ba, Hans yakan faɗi, idan kuma an kare masa ido bai ga mai tambayar ba, yakan faɗi. Ashe dokin fuska da jiki yake karantawa. In ya iso adadin da ake jira, mai tambaya yakan ɗan ɗaga kai ba tare da ya sani ba, motsin da da wuya ɗan Adam ya lura da shi, Hans ya gani ya tsaya. Pfungst ya buga sakamakon a 1907.

"Dabbar da take jin ƙuda ya sauka a gadon bayanta," in ji Malama, "kana tsammani ba ta jin inda ka zauna? Goɗiyar nan ba ta taɓa saɓa maka ba. Hannunka yana ce mata dama, ƙafarka tana ce mata dama, wani abu kuma da ya fi su murya yana ce mata hagu. Sau nawa na ce maka ka zauna tsakiya?"

Ta faɗa, ba sau ɗaya ba. Nakan gyara, in yi taku uku, in koma inda nake ba tare da na ji na koma ba.

"Likkafunka daidai suke?"

"Daidai suke, Malama. Tara da tara. Kullum sai na ƙirga."

Ta yi shiru. Ta ce gobe a ɗauke ni a waya, amma ba daga gefe ba. Daga baya.

Wata yarinya 'yar makaranta da ke taimakawa a barga ta tsaya a A da wayata. Na miƙe layin tsakiya zuwa C, na ba ta baya. Da dare na zauna na kalla. Kafaɗuna ba laifi. Kaina a miƙe. Na sake kallo. Kwiɓina na dama ya ɗan naɗe. Ɗinkin tsakiyar wandona bai hau tsakiyar sirdi ba, ya zame hagu. Na tsayar da hoton. Na faɗaɗa. Na sauko ƙasa. Dunduniya biyu. Ɗaya tana nan. Ɗaya tana ƙasa da ita.

Na ce ƙafata ce? Na tashi na tsaya gaban madubi ba takalmi. Daidai suke. Na koma na zauna. Tara da tara. Na ƙirga da hannuna. Tara. Da tara.

Gari bai gama wayewa ba na isa barga. Na kunna fitilar ɗakin sirada. Na buɗe akwatina. Na zaro igiyoyin nan biyu daga likkafunsu. A cikin kowace akwai harafin da na rubuta da biro tun ranar da na saye su, H da D, don kada in taɓa musanya su. Na haɗa ƙarafan ɗaurinsu a ƙusa ɗaya. Na sake su suka rataya. Na bi su da ido daga sama.

Huji na farko, kusan daidai. Na uku, an fara rabuwa. Na shida. Na tara.

Na taran hagu yana ƙasa da na taran dama da faɗin yatsa biyu da ɗan ɗoriya. Na ɗauko ma'auni: santimita huɗu.

Ga Hassan, ga Husaini.

Na daɗe a tsaye ina kallonsu. Fata ɗaya aka yanko su, rana ɗaya aka huda su, da ma'auni ɗaya. Amma aikinsu da na ce maka ɗaya ne, a nan kacici-kacicin ya ɓoye wayonsa. Ta hagu ake hawa doki. Duk ranar da na hau, igiyar hagu ita kaɗai take ɗaukar nauyina gaba ɗaya, kilo tamanin da biyar, daga ƙasa har sama, da fizga. Ta dama tana can ɗaya gefen tana jira. Fata kuwa, kowane baduku a Kasuwar Kurmi zai gaya maka, tana miƙewa in ana ja, ba ta kuma komawa. Na hannu na saye su, watakila wanda ya riga ni ya fara miƙar da ɗayar, ni kuma na zo na yi mata harafi, na tabbatar ita ce a hagu kullum, na kuma ƙi benci. Masu dawaki a can sukan musanya igiyoyin lokaci-lokaci saboda wannan dalili, abin da kowa ya ɗauka kowa ya sani, shi ya sa ba wanda ya faɗa mini. Lambar hujin ba ta yi ƙarya ba. Tara ce. Nisan da ke tsakanin hujin da ƙarfe ne ya sauya.

Daga nan sai komai ya warware kamar an ja bakin zare. Likkafar hagu ta yi ƙasa, ƙafata ta bi ta, kwankwasona ya bi ƙafata, nauyina ya tare a ƙashin mazaunin hagu, sannan na naɗe kwiɓin dama don kaina ya miƙe, shi ya sa madubin gaba bai tona ni ba. A harshen da aka koya wa goɗiyar tun tana 'yar shekara huɗu, nauyi a mazaunin hagu yana nufin tashi da hagu. A kusurwa, bango da kwana suna rinjayar wannan murya. A X babu kowa sai ni da ita, sai ta saurari wadda ta fi ƙarfi. Malama ta gicciye likkafun ta hau, ba ta taɓa su ba. Mai goɗiyar da nata igiyoyin take hawa. Ranar sirdin aro, nawa suna kulle a akwati, jin da na yi kamar na sa takalmin wani kuwa, jin zama daidai ne, na manta shi. Biyun nan cikin goma da na samu bayan na koyi ƙirga ƙafa, lokutan ne da umarnina ya faɗa daidai har ya danne karkatar. Ana zaton wuta a maƙera, ga ta a masaƙa.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne tunanin goɗiyar. Wata uku ana gaya mata magana biyu masu karo da juna, sau ɗaruruwa, tana zaɓar wadda ta fi bayyana, tana yi, ana dawo da ita tafiya ana cewa ba haka ba. Ba ta taɓa jefar da ni ba. Na shiga ɗakinta na tsaya kusa da wuyanta har ta gama cin dusarta.

Da Malama ta iso na nuna mata ƙusar. Ta kama igiyoyin ta ja su tare, ta duba, ta yi ɗan murmushi, karo na biyu ke nan da na ga ta yi. Ta ce ita ma da ta tambaya da baki, da hannu ya kamata ta auna.

Kana tsammani shi ke nan? Na sayo sababbi, irin masu zaren roba a ciki da ba sa miƙewa. Na maƙala, na taka benci na hau. Sai na ji ƙafar hagu ta takure, kamar an ɗage ta sama, har na sauko na sake aunawa. Daidai suke. Jikina ne ya saba da karkace har ya ɗauke shi miƙaƙƙe. Na je X da zumuɗi, na nema, ta ba ni hagu. Igiya ta gyaru, mahayi bai gyaru ba. Malama ta cire likkafun gaba ɗaya ta rataye a bango, ta mayar da ni kan doguwar igiya, ba linzami a hannu, ba abin takawa, sai zama. Mako uku. Cinyoyina sun faɗa mini sunayensu ɗaya bayan ɗaya. A hankali ƙashin mazaunin dama, wanda ya yi wata da watanni yana shawagi, ya sauko ya sami sirdi.

Wata safiyar Asabar, an share yashin fili babu sawun kowa, ƙanƙara tana narkewa tana ɗiga daga rufi, ta mayar mini da likkafu. Na zagayo ta hagu, ta-ta-tam, ta-ta-tam. Na wuce B. Na hango inda X take. Na ja numfashi, na zauna, ta sauko tafiya kamar an ajiye ƙwarya a kan ruwa. Ɗaya, na miƙar da ita. Biyu, na hango gefen idonta na dama. Uku, ƙafata ta hagu ta zame baya. Na ji ƙafar bayanta ta taso a ƙarƙashina.

Yanzu.

Kafaɗarta ta dama ta ɗaga, ta miƙe gaba. Ban duba ƙasa ba. Daga can wajen C na ji muryar Malama ta ce, "Sake."